Lissafin sau a gidajen raga: madalla da wannan dabara!

Duk malamin da ya taɓa koyar da 'yan aji huɗu ya san inda gizo ke saƙar. Yaro ya haddace jadawalin sau tsaf, amma da ka rubuta masa 347 sau 26 a allo sai ido ya raina fata. Ya manta sifilin layi na biyu, abin da ya riƙe a zuciya ya ɓace masa, amsa ta fito barkatai. Wallahi ban ga maganin wannan ciwo kamar hanyar raga ba, kuma ba na gajiya da yabonta.

Ga yadda take. A zana akwati mai gida uku a kwance, biyu a tsaye, kamar hatimi. A raba kowane gida biyu da layi a karkace. A rubuta 3, 4, 7 a sama, 2 da 6 a gefen dama. Yaro ya cika gidajen ɗaya bayan ɗaya: 7 sau 6, 42, sai ya sa 4 a saman layin, 2 a ƙasa. Ba abin da zai riƙe a ka! Sai ya gama duka shida sannan ya tara lambobin da ke bin karkatar layi, daga dama zuwa hagu. Amsa ta fito, 9,022, ba gumi ba kuka.

Abin da ya fi burge ni shi ne ta raba aiki biyu da ke rikita yaro, ninkawa daban, tarawa daban. In ma an yi kuskure, malami na duba akwatin zai ɗora yatsa a kan gidan da aka yi tuntuɓe, ya gyara wannan kaɗai. Ka ga yarinyar da a da take ɓoye littafinta tana ɗaga hannu, “Malam, ƙaro mana mai lamba huɗu!”

Kuma dabarar ba ta jiya ba ce. Ibn al-Banna, malamin Marrakesh, ya kawo ta a littafinsa na hisabi tun ƙarshen ƙarni na 13, ta kuma fito a littafin lissafin da aka buga a Treviso ta Italiya a 1478. Ba ta bukatar waya ko kwamfuta, ko a ƙasa da tsinke ana zana ta, muddin yaro ya riƙe jadawalinsa har 9 sau 9.

Malamai da iyaye, don Allah ku gwada ta da yaranku a wannan zangon.