Waƙar Raino a Nguru da Gashuwa

Manazarta waƙar baka sun fi karkata ga makaɗan fada irin su Narambaɗa, waƙar raino kuwa sai a ambace ta cikin layi biyu wajen rabe-raben adabi, a wuce. A ganinmu an tauye mata mudu. Idan muka kasa kunne ga uwa tana jijjiga goyo, ko tana lallashin yaron da aka yaye, za mu tarar ba duk ɗiyan waƙar aka yi dominsa ba. Ɗan shekara biyu bai san habaici ba, amma kishiyar da ke bakin murhu ta sani sarai. Kunyar ɗan fari kuma, wadda ke hana uwa kiran sunansa, tana tura ta ga laƙabi da kirari.

A Nguru, inda jirgin ƙasa ya iso daga Kano a 1930, da Gashuwa ta Badawa, lamarin ya fi haka nauyi, domin gidaje da yawa na Mangawa da Badawa da Hausa suke raino. Marigayi Russell Schuh ya tattara kalmomin Bade cikin ƙamus, sai dai ƙamus ba ya adana kari. Ya rage ga ɗalibanmu 'yan yankin su naɗi waƙoƙin daga bakin kakanni, su gwada karinsu da na Kano.