Kakar da ke koyar da ƙirga a kan tabarma

A watannin Maris da Afrilu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, har dare ya raba ɗaki bai huce ba. Sai a yayyafa ruwa a tsakar gida a shimfiɗa tabarmi, amma duk da haka wani yaron ya yi ta juyi, barci ya ƙi zuwa. A irin wannan dare ake gane kakar da ta iya tatsuniya.

Ba ta tsawata masa, ba ta kira masa dodo. Hannunsa take kamawa ta ce, "Maigidana, tashi mu tafi, ga raƙumi can ya durƙusa a ƙofar gida." Yaron shi ne mai tafiyar, hanyar kuma wadda ya sani ce. A ƙofar fadar Shehu a ba shi doki ɗaya mai ado, sai ta lanƙwashe masa ƙaramin yatsa. A kasuwar Monday Market su samu kaskon turaren wuta biyu, ta lanƙwashe na biyu. A Tashar Baga su sayi bandar kifi uku, a bakin kogin Ngadda kwaɗi huɗu su roƙi a tafi da su, a gidan namun daji na Sanda Kyarimi jimina biyar su biyo bayansu. Yatsu sun ƙare, hannu ya dunƙule.

Gwanintar tana cikin maimaici. Duk zangon da suka isa, sai ta koma farko: doki ɗaya, kasko biyu, kifi uku. Yaro na ji da kunne, yana ji a yatsa, yana ganin abin a zuciyarsa, don haka "uku" ta zama abin da ya riƙe a hannu. Can sai ta yi kuskure da gangan, ta ce kwaɗi shida. Nan take zai ce, "A'a Kaka, huɗu ne!" Da wannan ta san karatu ya zauna. A gidan da ake jin Kanuri ma takan bi yatsun da tilo, indi, ta sake bi da ɗaya, biyu, yaro ya tashi da ƙirga a harshe biyu.

Hanyar dawowa ita ke kawo barci. Murya ta yi ƙasa, raƙumi ya rage sauri, ana sauke baƙi ɗaya bayan ɗaya: jimina su koma gida, kwaɗi su faɗa ruwa, ana buɗe yatsu daga biyar zuwa huɗu zuwa uku. Ya fara koyon ɗebewa ke nan bai sani ba, kuma da wuya ya kai ga "ƙurunƙus" ido biyu.

Gwanar kaka ta san inda za ta tsaya. Ɗan shekara uku, biyar ta ishe shi. Ranar da ya miƙo ɗaya hannun da kansa, sai ta ƙara zango, tafiya ta kai su har Tafkin Chadi, a ƙirga kwale-kwale zuwa goma. Iyaye matasa su matso kusa su saurara, domin wannan sana'a a bakin tsofaffi ake ɗaukarta.