Layin Brandt: Ina Arewa, Ina Kudu?

A shekarar 1980 wani kwamiti wanda Willy Brandt, tsohon shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ya shugabanta, ya fito da rahoto a kan zaman ƙasashe masu arziki da matalauta. A bangon littafin akwai taswira, an ja layi guda ya raba duniya gida biyu. Masu hannu da shuni aka ce da su Arewa, sauran kuwa Kudu. Har yanzu malaman labarin ƙasa ba su bar ambaton layin nan ba, saboda haka bari mu duba shi.

Ya bi tsakanin Amurka da Meksiko, ya ratsa Bahar Rum, ya wuce ta arewacin Sin, ya bar Japan cikin Arewa. Sa'an nan sai ya yi kwana, ya gangara can ƙasa ya kwaso Ostireliya da Niyu Zilan. To, ashe Arewan nan ba ta alƙibla ba ce, ta aljihu ce.

A nan ku ɗalibai sai ku yi hankali. In ka ce wa Bakano Arewa ta fi Kudu masana'antu, ba Turai zai tuna ba, Kaduna da Ikko zai auna, ya ɗauka ba ka san abin da kake faɗi ba. Sai ka ƙara da cewa “ta duniya” kafin ya gane.

Ba na hana wa layin nan yabo. Ya fi sunan nan “Duniya ta Uku” na Alfred Sauvy, Bafaranshe, na 1952, wanda ya rasa gindi tun da Tarayyar Sobiyet, watau uwar duniya ta biyu, ta rushe a 1991. Ya kuma sa manya sun dubi maganar bashi da yunwa.

Amma aibinsa babba ne, kuma tun ran fari yake. Ina dalilin zuba Kuwait da Nijar a ƙwarya ɗaya, alhali ko a 1980 ɗin kuɗin mai ya cika Kuwait? Bayan haka Koriya ta Kudu ta shiga OECD, ƙungiyar da galibinta masu arziki ne, a 1996. Sin ta shige Japan wajen girman tattalin arziki a 2010. Duk da haka a taswirar suna nan ƙarƙashin layi, tare da Cadi, inda aka bar su.