Kalmomin Su a Hannun Mai Fassara

Ƙasar Daura ba ta da babban kogi, amma tana da masunta. Ga dam ɗin Sabke, ga na Daberam, ga tafkunan da damina ke cikawa. Yanzu kuma kiwon kifi ya shigo cikin gidaje, kuma kusan duk karatun wannan sana'a da Turanci yake zuwa. A nan ne mai fassara ke tuntuɓe.

Ɗauki kifin da masu kiwo ke kira katfish. Bature ya tara dangi guda ƙarƙashin suna ɗaya, alhali Bahaushe tuni ya rarrabe su. Tarwaɗa daban, mai santsi da taurin rai, wadda ke daɗewa a doron ƙasa ba ta mutu ba. Ƙurungu daban, mai ƙaya uku da ke huda tafin hannun wanda bai iya riƙonsa ba. Ragon ruwa daban. Minjirya kuwa, duk yaron da ya taɓa damƙar ta, ta girgiza shi har kafaɗa, ba zai sake haɗa ta da wani kifi ba. Mai fassarar da ya kira su duka tarwaɗa ya yi wa mai karatu ƙwauron sani, kuma masunci zai gane nan take cewa marubucin bai taɓa jiƙa ƙafa ba.

Kayan aiki ma haka. Taru, koma da homa ba abu ɗaya ba ne, don haka kalmar raga kaɗai ba ta wadatar ba. Su ya fi fatsa faɗi.

Akwai kuma inda mu ne ba mu da abin. A Ingila da Amurka ana wata fatsa da ba a sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu ake ɗaurewa da zare har ya yi kama da ƙwaro, a wurga shi ya sauka a kan ruwa, kifi ya kai masa cafka. Turawa sun ba wannan koto sunan ƙuda, masu harshen Fotugal ma haka suke kiransa. Mu in muka ce fatsar ƙuda, mai sauraro zai zaci ƙudan kwata ake kamowa a soke. Ni dai na fi gamsuwa da fatsar ƙwaron ƙarya ko, mafi sauƙi, fatsa da ƙwaron gashi, domin ta nuna abin da ido zai gani.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen kifaye da dama, na Jami'ar Bayero na 2006 ya ɗora. Sai dai ƙamus ba ya nuna maka wace kalma ce take raye a Mai'aduwa, wacce ce ta Argungu. Ina roƙon masu fassarar littattafan kiwon kifi da shirye-shiryen rediyo, kafin su ɗora alƙalami, su je bakin Sabke da sanyin safiya, su gaida Sarkin Ruwa, su tambaye shi sunan kowane kifi da ke cikin kwando.