Ɗaukar Hoto don Sha'awa: Sharhi a kan Kundayen Jacques Henri Lartigue

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Da wannan karin magana ne mutane da yawa suke karɓar hoto, watau suna ɗaukarsa tamkar shaidar da ba a musu da ita. Manufar wannan takarda ita ce mu auna wannan ɗauka a kan aikin wani Bafaranshe, Jacques Henri Lartigue, wanda aka haifa a 1894, ya rasu a 1986, bayan ya shafe shekara tamanin da 'yan kai yana ɗaukar hotunan gidansu da tafiye-tafiyensa da juyawar lokutan shekara. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, darajar irin wannan aiki tana cikin kundin ne gaba ɗayansa, kuma mai sharhin da ya tsinci 'yan hotuna masu ƙayatarwa ya bar saura, ya yanke hukunci ne a kan zaɓensa, ba a kan mai hoton ba.

Kafin mu tsunduma, ya kamata mu fayyace wanda muke kira ɗan sha'awa. Shi ne mutumin da ba da kyamara yake ci ba, ba wanda ya aike shi, ba kuma wanda zai biya shi. Ya bambanta da mai sana'ar hoto, wanda ake kira wurin biki ko suna, ya ɗauki abin da masu gida suka biya kuɗinsa.

2.0 Asalin Ɗaukar Hoto don Sha'awa

A farkon al'amari ɗaukar hoto aiki ne na gwanaye, gama sai mutum ya iya haɗa magunguna ya wanke hotonsa da kansa. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, wadda ake sayarwa da fim na hoto 100 a cikinta. In fim ya ƙare sai a mayar wa kamfani, ya wanke, ya sake cika ta, ya komo da ita. A 1900 kuma aka fito da Brownie a kan dala ɗaya, har yara suka iya mallaka.

Amma samun kyamara bai sa mutane sun ɗauki kome da kome ba. Pierre Bourdieu da abokan aikinsa, a binciken da suka buga a Faransa a 1965, sun nuna cewa galibin jama'a ba su ɗaukar hoto sai a ranakun da iyali ke ganin girmansu, kamar aure da hutu. Abin da ake gani kullum, kamar ɗakin girki ko hanyar ƙofar gida, ba kasafai ake ganin ya isa a ɓata masa fim ba. A nan ne Lartigue ya fita daban, domin shi ranar da ba a yi kome ba ma ta ishe shi abin ɗauka.

3.0 Lartigue da Kundayensa

Ɗan masu hali ne, an haife shi a Courbevoie kusa da birnin Faris. Mahaifinsa ma ɗan sha'awar hoto ne, shi ya ba shi kyamara tun yana ɗan shekara bakwai. Da ya girma sai ya ɗauki kansa mai zanen fenti, da wannan sana'a kuma aka san shi galibin rayuwarsa. Hoto kuwa abin gida ne, yana liƙawa a manyan kundaye, yana rubuta suna da wuri da shekara a ƙarƙashi. Bugu da ƙari yana da littafin da yake rubuta abin da ya gudana kowace rana, yana sa alamar yanayin garin, rana ce ko hadari, wani lokaci har ya zana hoton da ya ɗauka tun kafin a wanke shi. Sa'ad da ya miƙa wa gwamnatin Faransa dukan aikinsa a 1979, hotunan sun haura 100,000, kundayen kuwa sun fi 100.

Hotunan ƙuruciyarsa su ne suka fi shahara. Akwai na 'yar'uwarsa da ake kira Bichonnade, wadda ya kama a sama ta yi tsalle daga matakala a 1905. Akwai na wansa Zissou yana gwada jiragen da ya ƙera da hannunsa, da na matan birni masu manyan huluna suna shan iska a dajin Boulogne. Wanda ya fi su duka suna shi ne na motar tsere mai lamba 6, wadda ƙafarta ta baya ta zama kamar ƙwai ta karkata gaba, 'yan kallo kuwa suka karkata baya. Dalilin wannan karkata a cikin kyamarar yake. Labulen da ke buɗe wa haske hanya yana da tsaga wadda ke ratsa faranti daga gefe zuwa gefe, saboda haka sama da ƙasan hoton ba a ƙiftawa guda aka ɗauke su ba. Shi kuma yana juya kyamara yana bin motar, amma bai kai saurinta ba. Lartigue ya ga hoton ya lalace ne, ya ajiye shi shekaru masu yawa.

4.0 Yadda Aka Fito da Shi

A 1963, yana da shekara 69, John Szarkowski ya baje hotunansa a gidan kayan fasahar zamani na birnin Niyok. A watan Nuwamba na wannan shekara mujallar Life ta buga wasu daga cikinsu, a fitowar da ta ɗauki labarin kisan Shugaba Kenedi, wadda jama'a suka yi rububin saye. A 1970 Richard Avedon ya tsara masa littafi, a 1974 kuma Lartigue ya ɗauki hoton mulki na Shugaba Giscard d'Estaing.

Abin lura a nan shi ne irin zaɓen da aka yi a 1963. 'Yan gommai kaɗan aka tsamo, galibinsu na ƙuruciyarsa, aka gabatar da shi a matsayin yaro mai baiwa wanda bai san kome game da fasaha ba, idonsa kawai ya bi. Kevin Moore, a littafinsa na 2004, ya nuna cewa wannan siffa ƙirƙirarta aka yi. Yaron ya tashi a gidan da ake wanke hoto, yana ganin mujallun hoto da na wasanni na zamaninsa, ya kuma san irin abin da 'yan sha'awa ke nema a lokacin, musamman kama abu yana cikin motsi. Mun yarda da Moore a nan. Wanda ya kama mutum a sama tsakanin matakala da ƙasa da kyamarar 1905, lalle ya san aikinsa, ya kuma gwada ba sau ɗaya ba.

5.0 Abin da Zaɓe ya Zubar

Illar wancan zaɓe ita ce ya tsai da mutum a kan shekarunsa na yaranta, alhali ya ci gaba da ɗaukar hoto har tsufa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na aikinsa mai launi ne, amma sai a 2015 aka yi masa babban nuni na musamman a Faris.  Akwai furannin bazara, da ƙanƙara a kan itatuwa, da hannuwan matarsa Florette da jan farce, da ƙauyukan kudancin Faransa da na Italiya inda suke zuwa.

In aka ɗauki ɗaya daga cikinsu shi kaɗai, mai sharhi zai iya cewa ba abin a zo a gani ba ne, kuma sau da yawa gaskiyarsa. Amma in aka bi su a jere sai wani abu ya bayyana wanda hoto guda ba ya iya nunawa. Lokutan shekara suna komowa yadda suke, amma mutanen da ke cikin hoton suna tsufa, tufafi da motoci suna sauyawa. Gwanintar ɗan sha'awa, a ganinmu, tana cikin wannan naci na komawa kan abu guda. Mai sana'a ba ya samun wannan dama, gama shi baƙo ne, ya zo ya ɗauka ya tafi. Wanda yake cin abinci a teburin nan kullum shi ne zai iya nuna yadda teburin ya sauya cikin shekara talatin.

6.0 Abin da Kundi ya Ɓoye

Duk da haka kada mu ɗauka kundin da kansa shaida ce tsarkakakkiya. Da farko, shi ma zaɓe ne. Lartigue farin ciki yake farauta, abin da ba shi ba kuwa yakan kau da kai. A 1915, sa'ad da samarin Faransa ke mutuwa a ramukan yaƙi, yana birnin Nice yana ɗaukar Suzanne Lenglen tana wasan tanis. Wanda ya nemi sanin yaƙin 1914 zuwa 1918 daga kundayen nan zai fito da ɗan abu kaɗan. Haka kuma talakan Faransa, in ya shigo hoton, a gefe yake shigowa.

Na biyu, rubutun da ke ƙarƙashin hoto ba kullum yake daidai ba. Lartigue ya sake tsara kundayensa da ya tsufa, tunani kuwa yakan ci amanar mai shi. Motar nan mai lamba 6 an daɗe ana buga ta da sunan Delage a tseren 1912, sai masu bin diddigin tarihin tsere suka nuna cewa motar Schneider ce a tseren 1913. Wannan bai rage wa hoton kyau ba ko kaɗan, amma ya rage masa ƙarfi a matsayin hujja. Ke nan gani bai kori ji ba, sai an haɗa su biyu.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa Lartiguen da duniya ta sani a 1963 zaɓen wani ne, wanda ke cikin kundaye kuwa zaɓen kansa ne. Na biyun ya fi na farko faɗi da amfani, ko da yake shi ma yana da giɓi. Saboda haka duk mai sharhin hoton ɗan sha'awa ya wajaba ya tambaya wa ya zaɓo hoton da ke gabansa, daga cikin nawa, me kuma aka bari.

Wannan magana ta shafe mu mu malamai. Yau wayar hannu ta sa ɗalibanmu suna ɗaukar abin da Bourdieu ya tarar ba a ɗauka, har da kwanon abinci da hazon hunturu. Amma galibi ba suna, ba wuri, ba shekara, in waya ta ɓata kuma shi ke nan. Tsofaffin kundayen gidajenmu ma gara da damshi suna cinsu, masu iya faɗin sunayen mutanen ciki kuwa suna ƙarewa. Aikin Lartigue ya tsira ne domin ya adana, ya jera, ya rubuta, har kurensa ma an iya gyarawa saboda akwai rubutun da za a gwada. Muna ba da shawara ga sassan tarihi da na harsuna a kwalejojinmu su riƙa sa ɗalibai su ɗauko kundin gidansu, su zauna da dattawa, su rubuta bayanin kowane hoto, har da waɗanda ake gani ba su da kyau.