Gidan Makama Ya Fi Gaban Gwanjo

A watan Yulin 2024 aka yi gwanjon wasu ƙananan bindigogi biyu na Napoleon a garin Fontainebleau na ƙasar Faransa, aka sallama su a kan yuro miliyan 1.69. Tarihin da ke rataye da su ne ya kai su wannan kuɗi. Napoleon da kansa ya ba Janar Caulaincourt su a 1814, lokacin da mulki ya suɓuce masa, zuri'ar janar ɗin kuma suka adana su shekara da shekaru. Gwamnatin Faransa ma sai da ta sanya su cikin dukiyar ƙasa, ta hana a fita da su waje. To, mu ma a Kano muna da makamai masu tarihi, muna kuma da gidan da ya rungume su, inda talaka zai shiga ya kalla har ya ƙoshi. Gidan Makama nake nufi, kuma ina son gidan nan so na haƙiƙa.

Tun daga ginin ma mutum zai fara cewa tubarkalla. Yana nan daura da Gidan Rumfa, kuma tun ƙarni na 15 ake danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Kana sa ƙafa a zaure zafin titi zai bar jikinka. Ɗaga kai ka dubi rufin azara da bakan gizon da magina suka ɗaura da hannu, babu siminti babu rodi. Kai! Magabata sun iya aiki.

Amma ni inda ƙafata ke kafewa shi ne wajen kayan yaƙi. Ga takubba da masu, ga garkuwa, ga kwari da baka, ga tsoffin bindigogi irin na ɗuri. Sai kuma sulke, sarkin kayan duka a wurina. Matsa kusa ka duba shi da kyau: ƙananan zobban ƙarfe ne, kowane an sarƙa shi cikin ɗan'uwansa, ɗaya bayan ɗaya, har suka zama riga. Ka ƙiyasta haƙurin maƙerin da ya zauna ya haɗa su, sannan ka ƙiyasta barden da ya ɗauki wannan nauyi a kafaɗa, a kan doki, cikin ranar bazara. Na ga yara 'yan makaranta sun shigo da hayaniya, da suka iso nan kowa ya yi tsit, sai nuni da yatsa. Ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi kuwa, Allah ya saka musu, ba sa gajiya da tambaya, kuma bayaninsu cikin Hausa yake, tiryan-tiryan.

Mu mutanen kudancin Kano muna da rabo na musamman a labarin nan. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da rundunar Turawa, ɗauke da igwa da bindigogi masu ruwan harsashi. Turjiyar farko da suka tarar a ƙasar Kano a Bebeji ce. Mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi miƙa wuya, sai da harsashin igwa ya fasa ƙofar, Sarkin Bebeji ya kwanta dama a wurin tare da wasu manyan garin. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi, Sarki Alu yana kan tafiyarsa ta Sakkwato. Bayan 'yan makonni aka gwabza a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Saboda haka duk lokacin da na tsaya gaban mashi ko garkuwa a gidan nan, mutanen Bebeji nake gani, waɗanda suka riƙe irin waɗannan a hannu suna fuskantar igwa. Wanda ya taso daga Tudun Wada ya biyo ta Kwanar Ɗangora zuwa birni, ta gefen wannan tarihi yake wucewa, sau da yawa bai ma sani ba.

Shekara arba'in bayan haka, jikokin waɗancan maza ne aka kwasa zuwa Yaƙin Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma. Da yawa sun dawo da lambobin yabo, da takardar sallama, da kakin da suka ninke a ƙasan adaka. Na riƙe irin wannan lamba a hannuna a gidan wani dattijo a yankinmu: tagulla mai siffar tauraro, ƙyallen ya koɗe, gefen ya sha hannu har ya yi santsi. Ta mahaifinsa ce. Ya ce wani dillalin kayan da ya taɓa zuwa ya taya ta, shi kuwa ya ce albarka, tun kafin a faɗi kuɗi. Raina ya yi fari da jin haka. Domin da zarar dillali ya sa abu a jaka, sunan mai shi ya ɓace, sunan garinsu ya ɓace, sai ƙarfen kawai ya rage ana ciniki.

Doka ma tana bayan mai adanawa. Dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fita da su waje babu takarda. Ƙaramar bindiga kuwa, ko ta kaka da kakanni ce, dokar makamai ba ta yarda a ajiye ta babu lasisi ba.

Abin da nake fata kawai, a ƙara wa gidan nan kayan sojojin Bama daga ƙauyukanmu, kowane da sunan mai shi da garinsu a rubuce a ƙasa. Wannan kuwa aikinmu ne mu masu gado. Wanda ke da takobi, ko lamba, ko tsohuwar bindigar gado a gida, ya zauna da dattijon gidan tun yana da rai, ya rubuta wa ya riƙe ta da inda ya je da ita, sannan ya nemi shawarar ma'aikatan Gidan Makama. Shugabannin makarantunmu na Tudun Wada, Bebeji, Ƙiru da Doguwa, don Allah a zangon karatun nan a haɗa kuɗin mota a kai yara su gani da idonsu.