Tsakanin fada da ofishin magajin gari: sharhi a kan littafin Mahmood Mamdani

Littafin Mahmood Mamdani da masu karatun Faransanci suka sani da sunan Citoyen et sujet ya fara fitowa da Ingilishi a 1996, kuma kamfanin Karthala na Paris ya buga fassararsa a 2004, wato shekarar da Nijar ta zaɓi kansilolin ƙananan hukumominta 265. Haɗuwar shekarun dace ce kawai, domin marubucin, masanin siyasa ɗan Yuganda, hankalinsa yana kan ƙasarsa ne da Afirka ta Kudu. Duk da haka, da wuya a sami littafin da ya fi shi taɓa jijiyar tsohuwar gardamar nan da ke tasowa duk lokacin da aka zauna rubuta kundin tsarin mulki: shin ƙasa ta zauna a dunƙule, iko duka a babban birni, ko kuwa a bi tsarin tarayya, kowace jaha da majalisarta da baitulmalinta.

A Nijar kalmar tarayya ta shigo da ƙarar bindiga, shi ya sa ta yi nauyi a baki. Ƙungiyoyin tawayen arewa na farkon shekarun 1990 sun nemi tarayya ko cin gashin kan yankunansu, gwamnati ta ga cewa wannan ƙofar ɓallewa ce, sai aka haɗu a tsakiya. Yarjejeniyar Wagadugu ta 9 ga Oktoba 1994 da ta zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 suka yi alkawarin kusanto da mulki ga jama'a a cikin ƙasa ɗaya dunƙulalliya. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 ya watse cikin rikici, sai a 24 ga Yuli 2004 alkawarin ya fara cika, majalisun jahohi kuwa sai a Janairu 2011. Kundin 2010 ya faɗa a fili cewa jamhuriya dunƙulalliya ce wadda ba ta rabuwa, ya kuma ce mulkin yankuna ya dogara a kan sauke iko. A duk tsawon wannan tafiya, masu goyon baya da masu adawa sun yarda da abu guda ba tare da sun bincika shi ba, cewa ikon da ya matso kusa da talaka ya fi ikon nesa sauƙi da adalci.

Wannan zaton ne Mamdani ya rusa, kuma a nan darajar littafin take. Ya nuna cewa mulkin mallaka ya tsaga ƙasa gida biyu. A birni akwai dokar da ta san ƴancin mutum, wadda da farko Turawa kaɗai ta rufa; a karkara kuwa an miƙa jama'a ga sarakuna da sunan al'ada, aka tara wa mutum guda ikon kafa doka da yanke hukunci da zartarwa da karɓar haraji, ba mai tambayarsa sai baturen da ke bisansa. Iko ne na kusa ƙwarai, mai magana da harshen gida, wanda ya san yawan awakin kowa, kuma saboda kusancin nasa ya fi cizo. Marubucin ya kira wannan tsari danniyar da aka rarraba, ya ce ba na Ingilishi kaɗai ba ne, Faransawa ma can suka ƙare duk da ikirarinsu na mulkin kai tsaye, har ya kai ga cewa wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu reshe ce ta wannan itace. Bayan ƴancin kai, a ganinsa, gwamnatoci masu ra'ayin riƙau sun riƙe sarakunan yadda suka same su, masu ra'ayin sauyi kuma suka kawar da su suka ɗora jami'in jam'iyya a gurbinsu, danniya ta tashi daga rarrababbiya ta koma dunƙulalliya.

Harshen Hausa ya riga littafin gane wani abu. Kalmar da ta fi dacewa da rabin sunansa na biyu ita ce talaka, mai ma'ana biyu a baki ɗaya: wanda ake mulka, da wanda ba shi da komi.

Wanda ya san tarihin Damagaram zai sami hujjar marubucin a ƙofar gida. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla makirci, suka kore shi daga ƙasa, suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan jama'a shekaru da dama kafin a mai da sarautar gidanta. Sarautar da a zamanin Tanimun take ƙera bindigogi tana aika ayari Tarabulus ta koma abin da kumandan ke naɗawa yana tuɓewa. A Katsinar Maraɗi sarki yana da masu zaɓensa, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, a Gobir akwai Tara, ga Iya da Inna masu faɗa a ji. Waɗannan su ne birkin sarauta, kuma su ne suka fara lalacewa da sarki ya gane cewa rawaninsa yana hannun bature. Sarkin kanto, wanda a wurare da yawa Faransawa ne suka ƙirƙiro kujerarsa, shi ke tara lanho, shi ke fitar da mutanen aikin tilas har zuwa 1946, shekarar da dokar Houphouët-Boigny ta haramta wannan aiki, aka kuma soke hukuncin indijena. Har wannan gaɓa littafin ba ya da abin kushewa.

Rauninsa yana bayyana ne idan aka tambaye shi abin da ya biyo baya. Mamdani ya gina hujjarsa a kan ƙasashen da sau da yawa bature ne ya ƙago sarkin, sai ya shimfiɗa ta a kan nahiya duka, kamar riga ɗaya za ta shiga kowa. Sarautar Katsina da Gobir da Daura ta girmi zuwan Turawa da ƙarnuka, tana da kirarinta da tarihinta da malamanta, kuma talakan da ke sukar sarki da dare shi ne ke kai ƙarar gona fada da safe. Littafin bai ba da amsa mai gamsarwa ba a kan dalilin haka. Amsar ba ta da wuyar samu: a fada ana jin harshen mai ƙara, ba a neman takarda da tambari, shari'ar kan ƙare a yini, alhali kotu tana nesa kuma da Faransanci take magana. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya amince da wannan, ya sa sulhun sarakuna a gaba a rikicin gona da makiyaya. Dokokin ƙananan hukumomi kuma suka zaunar da sarakuna cikin majalisu da muryar shawara, ba su da ƙuri'a, alhali ta hannun masu gari ne harajin ƙaramar hukuma ke shigowa. Magajin garin da aka zaɓa ya wayi gari yana jiran mutumin da ba a zaɓa ba ya kawo masa kuɗin aiki. Dangantaka irin wannan, mai cike da jan igiya da lallashi da auratayya, ba ta shiga cikin gidaje biyun da littafin ya zana, musamman da yake ɗan sarki ne sau da yawa ke tsayawa takarar.

Begen marubucin ma bai tsufa da kyau ba. Ya yaba majalisun ƙauyuka da ƙungiyar Yoweri Museveni ta shimfiɗa a Yuganda bayan ta karɓi mulki a 1986, domin sun raba sarki da ikon shari'a sun sa shi ƙarƙashin idon jama'a. Shi da kansa ya shugabanci kwamitin binciken mulkin ƙananan hukumomi na lokacin. Adalci ne a ce ya hango iyakarsu. Amma abin da ya faru ya wuce hasashensa: gundumomin ƙasar suka tashi daga 33 suka haura ɗari, kowace sabuwa kyauta ce ga wani yanki gabanin zaɓe, iko na gaske kuwa bai gusa daga Kampala ba.

Masu ganin tarayya ce maganin komi su ma littafin bai bar su da abin riƙewa ba, kuma misalin yana ƙetaren iyaka, tafiyar sa'o'i kaɗan daga Maraɗi. A 24 ga Mayu 1966 Janar Aguiyi-Ironsi ya soke tarayyar Nijeriya da doka mai lamba 34, arewa ta ɗauki abin a matsayin mamaya, jini ya zuba, bayan wata biyu shi ma aka kashe shi. Yakubu Gowon ya mai da tarayya, ya yanka jahohi 12 a 1967, suka yi ta haihuwa har suka kai 36 a 1996, da ƙananan hukumomi 774. Gyaran 1976 ya karɓe mulkin gundumomi daga hannun sarakuna. Sai dai ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jahohi, wadda kundin 1979 ya kafa don kowa ya samu, ta haifi takardar shaidar ɗan asali, ta raba maƙwabta zuwa ƴan gida da baƙi, kuma Hausawan Jos sun ga inda wannan rabo ke kaiwa a rikicin Satumba 2001. Mamdani ya koma kan wannan batu a rubuce-rubucensa na baya, kuma a nan alƙalaminsa ya fi kaifi. Game da kuɗi kuwa, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, saboda gwamnoni sun daɗe suna tsare shi. Gwamnan tarayya ya iya zama wa ƙaramar hukuma abin da babban birni yake zama wa jaha a ƙasa dunƙulalliya.

Wannan ne babban giɓin littafin ga mai karatu na Nijar: ya yi dogon bayani a kan doka da al'ada da matsayin mutum, ya taƙaita a kan baitulmali da kuma ikon rushewa. A Janairu 2016 gwamnati ta sa hannu a kan dokokin miƙa fannoni huɗu ga ƙananan hukumomi da jahohi: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Malaman makaranta sun fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin takardar da aljihun. Ƙaramar hukumar karkara da ke rayuwa a kan harajin kai da kuɗin kasuwar mako an ɗora mata ginin azuzuwa da gyaransu, kuɗin da zai yi aikin kuwa ya fi zama a Yamai ko a hannun masu ba da agaji. A 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, ta sake ci a Maraɗi cikin Nuwamba, kowane karo yara aƙalla ashirin suka rasu. Uban da ya tambayi wanda ke da alhakin gina aji na bulo zai iske nauyin a wani ofishi, kuɗin a wani, kuma ba sunan tsarin mulki ne ya raba su ba.

Ikon rushewa kuwa ya nuna kansa ba da daɗewa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da kundin 2010, a Afrilu 2024 kuma doka guda ta rushe majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jahohi da aka zaɓa a Disamba 2020, aka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Bisa ma'aunin Mamdani, sarki ne ragowar mulkin mallaka da ya kamata dimokuraɗiyya ta kawar, majalisa kuma ita ce mai gadon gobe. A watan nan na Afrilu kansilolin ne suka kwashe takardunsu, sarakunan kanto da masu gari suna nan a zaurukansu, kuma wurinsu sababbin kantomomin suka nufa neman a tara masu jama'a da haraji.